Bale na da ƙamus, gaɗa ba ta da marubuci

'Yan uwa Hausawan Mayo-Oulo, akwai masu cewa zancen rawa bai cancanci tawada ba. Ban yarda ba.

A 1661 Sarkin Faransa Louis na 14 ya kafa makarantar rawa a Paris. A zamaninsa Pierre Beauchamp ya daidaita tsayuwar ƙafa iri 5, ginshiƙin rawar bale. Lanƙwasa gwiwa sunansa piliye, ɗagewa bisa yatsun ƙafa relebe, juyi a ƙafa ɗaya piruwet. Har yau daga Rasha zuwa Japan da Faransanci ake kiransu, domin an rubuta.

Mu fa? Gaɗar 'yan mata a dandali, asauwara, takun 'yan tauri: wa ya rubuta yadda ake yinsu? 'Ya'yanmu Fillanci suke yi a kasuwa, Faransanci a makaranta. Duk tsohuwar da muka kai makwanci, da kalmominta take tafiya.

Ban ce kowa ya shiga fage ba. Hukuncin rawa na malamai ne. Amma adana kalma adana harshe ne. Matasa, ku ɗauki alƙalami ku durƙusa gaban iyaye mata tun suna raye. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.