Dillalin fili ba shi da jari sai amana

A kasuwannin dabbobi na gundumar Dakoro, dillali yana cin la'ada ne saboda ya ɗauki nauyi. Ya san mai dabba, ya san mai saye, idan kuma raƙumi ya zama na sata, shi za a fara kamawa. Abin mamaki shi ne, fili da gona, waɗanda suka fi raƙumi daraja, kowa na iya wayar gari ya ce shi dillalinsu ne.

A Azagor, cikin kwarin Tarka, inda gonaki ke haɗuwa da makiyaya, wannan sakaci na da haɗari. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma daga arewa. Kundin dokokin karkara na ranar 2 ga Maris 1993 ya kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo, domin a rubuta kowane ciniki, ko aro, ko jingina. Dokar kiwo ta 2010 ta ƙara jaddada cewa makiyaya da burtali dukiyar ƙasa ce, ba ta sayarwa ba. Dillalin da ya nuna wa ɗan kasuwa irin wannan wuri, ya karɓi la'ada, rigima ya sayar masa. Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da Toda ba, inda faɗan manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari a 1991.

Maganin ba shi da tsada. Ya kamata kowane dillalin fili ya yi rajista a ofishin komin, a ba shi kati mai hoto, a san iyakar la'adarsa. Kada kuɗi su fita hannu sai a gaban hakimi da shaidu, da takardar Kofo. Wanda ya sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, a karɓe katinsa, ya gurfana gaban alƙali.

Amma kati kaɗai ba ya gyara hali. Ma'aikacin da ya sa hannu bai je ya ga iyakar fili ba, da attajirin da ya saya don ya ga araha bai tambayi asali ba, duk abokan laifi ne. Dillalan kirki su ya kamata su fara neman wannan tsari, domin sunansu ne ake ɓatawa.