Daga tafkin Madarumfa zuwa duwatsun Adar bisa keke



A ƙasarmu da zarar mutum ya samu ɗan hali sai ya jingine keke a zaure, ya sayi babur ko mota. Keke ya zama shaidar rashi, har ma'aikaci na jin kunyar a gan shi bisansa. Amma tun da Najeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, man da ake sayarwa cikin kwalabe a bakin titunan Maraɗi ya yi tsada, kowa kuma ya ji a aljihunsa. Wannan mako muna so mu tuna wa jama'a cewa keke abin doguwar tafiya ne, kuma makaranta ce ga mai son sanin ƙasarsa.

Mu ɗauki hanya guda. Mai keke ya tashi daga Madarumfa, garin tafki da kushewun waliyyai 99, ya shiga Maraɗi, ya bi kwalta ta Tsibiri da Gidan Rumji har Madawa, tafiyar da ta haura kilomita 150. Har nan ƙasa shimfiɗe take, ƙafa ba ta wahala. Daga Madawa in ya karkata arewa zuwa Buza da Keita, sai Adar ta tarbe shi da fako da kwazazzabai da hawa mai tsinka numfashi. Kekunanmu irin su Raleigh da Phoenix giya ɗaya gare su, don haka a wani hawan dole mutum ya sauka ya tura. Gangara kuwa ta fi hawa haɗari, domin kaya na ingiza keke, burki maras ƙwari kuma ba ya yafe wa kowa.

Mai hankali yakan yi wannan tafiya da sanyin Disamba ko Janairu, ko da yake iskar hunturu za ta tare shi in ya fuskanci arewa. Ya tashi bayan sallar asuba, ya sauka inuwa kafin rana ta take, ya ci gaba bayan la'asar. Guzurinsa ruwa, dabino, ƙuli-ƙuli da kilishi. Kada ya manta famfo da kayan faci, don ƙaya ba ta san baƙo ba. Sannu ba ta hana zuwa.

To, mene ne ribar wannan wahala? Wanda ya tura keke bisa duwatsun Adar ba ya bukatar rahoto kafin ya gane dalilin da ke fitar da mazan yankin cin rani zuwa Abijan. Zai ga layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 don tare iska. Zai ga jerin duwatsu da ramukan tara ruwa na aikin Keita, wanda aka soma a 1984 da taimakon Italiya, mata ne kuma suka ɗauki mafi yawan dutsen a ka. Ɗan kasuwa zai san nisan da buhun albasa ke yi kafin ya iso bakin kwalta, ya rage raina kuɗin manomi. Ma'aikacin da ke ratsa ƙauyuka cikin motar gwamnati da gilashi a rufe yakan sa hannu kan takardun mutanen da bai taɓa shan ruwan rijiyarsu ba. Gani ya kori ji.

Wasu ƙasashe sun daɗe da girmama keke. Bature Thomas Stevens ya zagaya duniya bisansa daga 1884 zuwa 1886. Maƙwabtanmu na Burkina suna shirya tseren Tour du Faso tun 1987, can kuwa malami da ɗan kasuwa na hawan keke ba tare da kunya ba.

Sai dai abu biyu ke tsare matasanmu. Na farko manyan motoci, waɗanda ke ture mai keke cikin rairayi kamar ba rai gare shi ba. Na biyu ƴan bindiga masu satar mutane, da suka addabi ƙauyukan kan iyaka na gundumar Madarumfa. Alhakin duka biyun na wuyan hukuma. Muna kira gare ta, da shugabannin makarantu da masu hannu da shuni na Maraɗi, su haɗa kai su shirya wa ɗalibai tafiyar Adar a hutun sanyi, cikin ayari da rakiya. Yaron da ya san ƙasarsa da guminsa ba zai yi mata riƙon sakainar kashi ba ranar da ya zauna ofis.

Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.