Ƙarancin CRP Ba Ƙarancin Jini Ba Ne

Sanin kowa ne a Chaza da sauran unguwannin Suleja, da zarar an ce wani abu ya yi ƙasa a jinin mutum, sai hankali ya tashi, a garzaya kemis neman maganin ƙarin jini. To, wanda aka yi wa gwajin CRP, takarda ta nuna ƙasa da miligiram 1 a lita, ya kwantar da hankalinsa, ya bar kuɗinsa a aljihu.

Shi CRP sinadari ne da hanta ke zubawa cikin jini idan jiki na fama da kumburi ko ƙwayoyin cuta. Tillett da Francis ne suka gano shi a Amurka a 1930. Zazzaɓin cizon sauro ko ciwon huhu kan sa ya haura 100. Mai lafiya kuwa nasa ɗan kaɗan ne, wani ma na'ura ba ta ganinsa. A 2003 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta sa mai ƙasa da 1 cikin waɗanda haɗarin ciwon zuciya ya yi musu sauƙi. Ƙarancin jini gwajinsa daban, shi ne PCV.

Amma fa kada magidanci ya riƙe takardar nan ya ce ya gama da asibiti. Hawan jini kan yi shekaru yana cin mutum alhali CRP ɗinsa na ƙasa. Ya kamata masu ɗakunan gwaji a Suleja su riƙa yi wa jama'a bayani da Hausa ko Gwari kafin su miƙa takarda, su kuma nuna musu inda ake awon hawan jini.