Ashe Dila Ɗan'uwan Kyarkeci Ne

Tun zamanin kakanni Hausawa sun san dila, har suna yi masa kirari da malamin daji. Masanan dabbobi kuwa sun daɗe suna zaton dilan Sahil irinsa ɗaya da dilan Asiya, saboda kamarsu ɗaya. Sai a shekarar 2015 Klaus-Peter Koepfli da abokan aikinsa suka auna ƙwayoyin halittarsa, watau DNA, suka gano cewa ya fi kusa da kyarkecin Turai, wanda shi ne kakan karen gida.

To, yaya ake wannan awo? Akan ɗebi jini, ko gashi, ko kashin dabba, a nemi wasu alamomi da ake gāda. Misali, a 2013 an gano cewa ƙwayar da ke taimakon narkar da tsaba, AMY2B, kyarkeci yawanci biyu gare shi, amma kare yakan sami huɗu har zuwa talatin. Zama da manoma ne ya saba wa cikinsa da tuwo.

Kada mai karatu ya ɗauka abin na nishaɗin malamai ne kawai. A tsaunukan Bale na Habasha akwai wani kyarkeci ja wanda yawansa a duniya bai wuce 500 ba. A 1994 awo ya nuna karnukan makiyaya suna barbarar matansa. Alamar da ake gāda ta wajen uwa kaɗai ba ta tona asirin ba, sai da aka duba wadda ake gāda ta ɓangarori biyu. Haka iri yakan ɓace a ɓoye, ido kuwa na ganin dabbar tana nan. Ga kuma ciwon haukan kare da karnukan suka kai, wanda ya yi masa mummunar ɓarna a 1991 da 2003.

A nan Nijeriya, gonaki da ƙauyuka suna ta cin daji, kare da dila suna ƙara kusantar juna. Hedkwatar hukumar gandayen daji ta ƙasa tana Abuja, haka ma ta hukumar binciken fasahar ƙwayoyin halitta. Ya kamata su haɗa kai su auna dilolin Arewa, a kuma dage da yi wa karnukan ƙauyukan bakin daji allurar riga-kafi. Wannan allura ita ce za ta tsare ɗan makiyayi, ta kuma tsare malamin daji.