Ɗakin Gwajin Duwatsu a Kan Wata: Kada a Yi Masa Girman Banza

Ɗalibai da iyayenmu masu karatu, Amurka tana shirin mayar da mutane duniyar wata, Sin da Rasha ma sun sanar a 2021 cewa za su kafa tashar bincike a can. Idan mutane za su zauna, dole a yi musu ɗakin gwajin duwatsu, gama duwatsun ne babban abin da ke kai su. Ra'ayina shi ne a yi ɗakin ƙarami, aikinsa tantancewa kawai. Babban bincike a bar shi sai an dawo gida.

Ga dalili. Daga 1969 zuwa 1972 'yan sama jannatin Apollo sun sauka kan wata sau shida, suka kawo duwatsu da ƙasa kilo 382. Yawancinsu suna ajiye a birnin Hustan cikin iskar naitirojin, don kada iskarmu da danshinmu su ɓata su. An daɗe ana cewa wata busasshe ne ƙayau. Sai a 2008 masana suka sake duba ƙananan ƙwayoyin gilashi da ke cikin ƙasar nan da sababbin na'urori, suka sami alamar ruwa a cikinsu. Kusan shekara arba'in ke nan bayan an kawo su! Akwai ma wani bututun ƙasa na Apollo 17 da aka bari a rufe da gangan, ba a buɗe shi ba sai 2022. Na'urar da za a ɗauka zuwa wata za ta tsufa a can, amma dutsen da aka kawo gida yana jiran na'urar jikokinmu.

To, me za a yi da ɗakin? Kumbo ba ya ɗaukar kaya da yawa. Sin ta aika kumbo marar mutum a 2024 zuwa bayan wata, abin da ya kawo bai cika kilo biyu ba. Saboda haka wanda ya tara duwatsu ɗari, sai ya zaɓi goma. Nan ne amfanin ɗakin: ma'auni, madubin ƙara girma, kyamara, da ƙaramar na'ura mai nuna sinadaran da ke cikin dutse. Duk a sa su cikin akwati rufaffe mai safar hannu a jikinsa, yadda mutum zai juya dutse ba tare da ya taɓa shi ba.

Akwatin nan ba ado ba ne. Ƙurar wata tana da kaifi kamar garin kwalba, domin babu ruwan sama ko iska da za su goge ta. Ta cinye kayan 'yan Apollo, ta sa Harison Shimit atishawa da cushewar hanci. Mu da muke kuka da ƙurar hunturu, tamu mai sauƙi ce. Haka kuma idan an haƙo ƙanƙara daga ramukan kudancin wata, inda rana ba ta leƙawa, sai an tanadi ma'ajiya mai tsananin sanyi, in ba haka ba abin da aka je nema ya gudu tun kafin a auna shi.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne mutumin da za a sa a ɗakin. Cikin mutum goma sha biyu da suka taka wata, Shimit kaɗai ne masanin duwatsu, shi ma sai a tafiya ta ƙarshe, a Disamba 1972. Shi ne ya lura da wata ƙasa mai launin lemo a bakin wani rami, wadda daga baya aka gane gilashi ce ta tsohon aman wuta. Na sha faɗa wa 'yan ajina, masu gunaguni cewa ɗakin gwajinmu ba kaya, su fara koyon kallon dutse da kwatanta shi a rubuce. In ni ake tambaya, a rage na'ura ɗaya daga cikin kayan, a ba da gurbinta ga masanin duwatsu na biyu.