Zancen Gida: Sayen Kwamfutar Wasa Ta Fari Da Kuɗi Kaɗan

A wannan wata za mu yi magana a kan wani abin da ya ke damun iyaye da yawa, watau yaro ya matsa a saya masa kwamfutar wasa, ga shi kuwa kuɗi ba su da yawa. Wani uba ya kan ci bashi domin ya faranta wa ɗansa rai. Wani saurayi kuma ya kan yi shekara yana tari, ya kai wa mai shago, ya komo gida da akwatin da ba ya iya ɗaukar wasan da ya ke so. Shawararmu ɗaya ce. Ku fara sanin wasan da za a yi, sa'an nan ku nemi kwamfutar da za ta ɗauke shi daidai ƙarfin aljihunku.

Ku zauna da yaron, ya faɗi wasanni biyu ko uku da ya fi so. Masu yin kowane wasa su kan rubuta irin kwamfutar da wasan ya ke bukata, ana kuwa iya karanta wannan kyauta a kasuwar wasanni ta Steam ko a wurin kamfanin. Minecraft, wanda ya fito a 2011, ba shi da nauyi ƙwarai. Wasan ƙwallo da aka sani da FIFA, wanda aka sake masa suna EA Sports FC a 2023, ya fi shi nauyi. Na wannan shekara ya nemi RAM gigabait 8, da katin hoto irin GTX 1050 Ti ko RX 570, da wurin ajiya gigabait 100, wannan kuwa shi ne mafi ƙanƙanta. Ku rubuta irin waɗannan lambobi a takarda, ku tafi da ita kasuwa. Ku kuma duba shekarun da aka rubuta a jikin wasan. Alamar PEGI tana nuna 3, 7, 12, 16 ko 18. GTA V, alal misali, na 'yan shekara 18 ne, bai kamata a sayi kwamfuta domin ɗan firamare ya yi shi ba.

To, ina ne kuɗin za su fi tafiya? Abubuwa huɗu ne a cikin akwatin da ya kamata ku sani. Na fari shi ne katin hoto, wanda ya ke zana duk abin da ido ya ke gani a allo. A wajen wasa shi ne babba, gama in ya yi rauni hoto ya kan riƙa tsayawa yana ɗingishi, kome kyan sauran kayan. Saboda haka a nan za ku sa kaso mafi girma. GTX 1650, wanda ya fito a 2019, yana da gigabait 4, yana shan wuta wat 75 kaɗai. RX 6600 na 2021 yana da gigabait 8, yana shan wat 132, ya kuwa fi shi ƙarfi nesa. Na biyu shi ne furosesa, watau ƙwaƙwalwar kwamfuta. Core i5 ko Ryzen 5 ya isa, kada a ruɗe ku da i9. Na uku RAM, wurin da kwamfuta ta ke shimfiɗa aikin da ke hannunta. Gigabait 8 ya isa a fara, 16 ya fi, kuma guda biyu na 8 sun fi guda ɗaya na 16 sauri. Na huɗu ma'aji. Ku nemi SSD, ko da na gigabait 500 ne, gama ya fi tsohon faifai mai juyawa sauri ƙwarai.

In kuɗin ba su kai sayen katin hoto ba, akwai hanya. Furosesa irin Ryzen 5 5600G, na 2021, yana da nasa ɗan katin hoto a ciki. Da shi yaro zai iya yin wasanni marasa nauyi, in an sami sarari baɗi a ƙara kati. A nan ne kwamfutar tebur ta fi laftof. Ta tebur ana iya gina ta kamar gida, ɗaki bayan ɗaki. Laftof kuwa katin hotonta a like ya ke, ba a sake shi. Amma fa tana da batir, ga allo da kibod a jikinta, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne inda a ke yawan ɗauke wuta. Wanda ya zaɓi ta tebur, sai ya lasafta kuɗin allo, da kibod, da sitabilaiza ko UPS tun da fari, gama wuta mai hawa da sauka ta kan ƙone kaya cikin dare ɗaya.

Yawancinmu na hannu za mu saya, babu kuwa abin kunya a ciki. Tsofaffin kwamfutocin ofis irin Dell OptiPlex da HP EliteDesk suna da ƙarko da araha. Sai dai wutar cikinsu ba ta da ƙarfi, akwatin waɗansu kuma siriri ne, babban kati ba zai shiga ba. Ku kuma lura da shekarunta. Ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kamar dā, Windows 11 kuwa yana neman furosesan Intel tsara ta 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama. A tsofaffin furosesa, lambar farko bayan i5 ita ce ta ke nuna tsara, i5-8500 tsara ta 8 ke nan, i5-4570 kuwa ta 4.

Ba a cinikin biri a sama. Ko a Computer Village ta Ikeja ne, ko a shagon garinku, ku sa a kunna kwamfutar a gabanku, a yi wasan da ita kamar rabin sa'a. Ku saurari fankarta, ku taɓa ku ji zafinta. Akwai manhajoji na kyauta, GPU-Z yana nuna ainihin katin da ke ciki, CrystalDiskInfo kuma yana nuna lafiyar ma'aji. Wannan gwaji tilas ne, gama akwai katuna na jabu, akwai kuma waɗanda aka yi haƙar kuɗin intanet da su dare da rana, aka zubo su kasuwa bayan da Ethereum ya bar wannan hanya a Satumba 2022. Ku tafi da wanda ya san kan abin, ku karɓi rasit da alkawarin mayarwa a rubuce. Fitilu masu launi da akwatin gilashi kuwa ba su ƙara wa wasa kome, kyan ɗan maciji ne ga aljihu.

Daga ƙarshe, ya ku iyaye, maigida da uwargida su shirya tsakaninsu nawa za a kashe tun ba a fita gida ba, kada kuwa a taɓa kuɗin makaranta ko na hatsi. Ku gaya wa yaron adadin a fili. In yana da ɗan tari nasa, ya kawo a haɗa, gama abin da mutum ya sha wahalarsa shi ya fi adanawa. Ku ajiye kwamfutar a falo inda iska ta ke shiga, a rufe ta da ƙyalle lokacin hunturu saboda ƙura, a kuma sa lokacin wasa bayan an gama aikin makaranta. Kwamfutar da ta ɗauki wasa za ta ɗauki karatu da koyon sana'a kuma, ƙanne ma su amfana.