Hular Bazara: Araha Ko Ƙarko?

Da shigowar bazara a watan Maris, mai neman hula a kasuwar Wuse ta Abuja kan tsaya tsakanin abu biyu: ɗinkin inji mai rahusa, ko ɗinkin hannu irin na Bama, wanda kan ci makonni kafin a gama. A ganinmu, na hannu ya fi riba. Zanna bukar ba ta da nauyi, tana jure zufa da yawan wanki. Dara mai kauri kuwa a ajiye ta sai hunturu. Bugu da ƙari, tun da rikicin 2014 ya kori maɗinkan Bama zuwa Maiduguri, kowace hular da aka saya jari ce ga iyalan da suka sake kafa sana'a daga tushe. Araha dai ba ta ado.